Ayoyin Allah Masu Tafiya a Daji: Tsaraba Daga Yankari

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, Mai ciyar da tururuwa a raminta da giwa a dajinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Mu mutanen ƙasar Kebbe da Tambuwal mun san tafiya iri huɗu: tafiyar aikin Hajji, tafiyar neman ilimi, tafiyar fatauci ko cin rani, da tafiyar sada zumunci. Idan mutum ya ce zai kashe kuɗin mota ya keta jihohi don kawai ya ga giwa da ɓauna, da yawa za su ɗauke shi wanda kuɗi suka yi wa yawa, ko mai kwaikwayon Turawa. Ina ganin wannan fahimta tana bukatar gyara. Ziyarar daji, idan an yi ta da kyakkyawar niyya, karatu ce a cikin littafin halitta. Wanda kuwa ya yi wannan karatu ya ɗauko wa kansa nauyi, domin zai dawo gida yana sane da abin da aka ba mu amana, da kuma yadda amanar take zubewa daga hannunmu.

Mu fara da Alƙur'ani mai girma. Akwai surori shida da aka sanya wa sunan dabbobi ƙarara: Baƙara, An'am, Nahli, Namli, Ankabut da Fili, wato saniya, dabbobin ni'ima, ƙudan zuma, tururuwa, gizo-gizo da giwa. A Suratul Gashiya an zargi mutane da rashin duba yadda aka halicci raƙumi. A Suratul Mulk an jawo hankalinmu ga tsuntsayen da ke shawagi a samanmu. A aya ta 38 ta Suratul An'am kuwa an sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Umarnin dubawa yana bukatar abin da za a duba. Balaraben da aka fara karanta wa waɗannan ayoyi raƙuminsa na durƙushe a ƙofar hemarsa. Yaron Fakku da ya haddace Suratul Fili tun yana ɗan shekara 6, mai yiwuwa ne ya tsufa bai taɓa ganin giwa ba sai a hoto. Malamanmu na da ba su ɗauki wannan fanni wasa ba: Jahizu ya rubuta Kitabul Hayawan, Damiri kuma, wanda ya rasu a Alƙahira a 1405, ya rubuta Hayatul Hayawan, inda ya jera dabbobi bisa haruffa yana kawo halayensu da hukuncin cin namansu.

Hanyar Wikki

Mu huɗu muka tashi daga Fakku a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta bushe kuma dabbobi suke taruwa a bakin ruwa. Muka bi ta Gusau da Funtuwa, muka kwana Kano, kashegari muka bi ta Ningi zuwa Bauchi. Daga Bauchi ana ɗaukar hanyar Gombe, a Dindima sai a karkata kudu zuwa Mainamaji, inda ƙofar gandun take, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri. Daga ƙofar zuwa masaukin baƙi na Wikki tafiya ce ta kimanin kilomita 40 a cikin daji tsantsa.

An keɓe Yankari a matsayin gandun namun daji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sannan a 2006 aka mayar da shi ga Jihar Bauchi. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma kogin Gaji ne jijiyarsa. Tun kafin mu isa masauki na lura da abin da idona ya daɗe bai gani ba: marke da madaci da ƙirya da tsamiya tsaye da cikakken girmansu, babu sawun gatari a jikinsu, babu buhun gawayi jingine a bakin hanya. Wani dattijo da muke tare da shi ya yi shiru na tsawon lokaci, can sai ya ce, "Haka dajinmu yake sa'ad da nake yaro."

A masaukin, gwaggon biri ne masu gari. Suna zaune a gindin itatuwa suna lura da duk wanda ya riƙo leda, kuma wanda ya bar tagar ɗakinsa a buɗe ya yi sadakar guzurinsa ba da niyya ba. Mugun dawa kuma yana kiwo a tsakar masaukin, ya durƙusa bisa gwiwoyinsa na gaba yana cizgar ciyawa, bai damu da kowa ba. Ƙasa da masaukin akwai maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garai-garai da ke fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, kana ganin yashin ƙasansa kamar ta cikin gilashi. Ɗuminsa yana tsaye a kan digiri 31 dare da rana, da hunturu da bazara. Mu da muka san yadda ruwan randa yake yankan hannu da asubahin hunturu, alwala da wannan ruwa ta sa mun yi tasbihi ba tare da wani ya tunatar da mu ba.

Da hantsi muka shiga motar zagaya daji tare da ma'aikacin gandu. Mun ga gwambaza a bakin fadama, mun ga mazo ya gilma kamar walƙiya, mun ga garken ɓauna sun ɗago kai gaba ɗaya suna kallonmu da irin kallon da ke sa mutum ya tuna shi baƙo ne. Gwanki kuwa, da dogayen kunnuwansa da ƙahonsa mai lanƙwasa baya, a da ban san shi ba sai a bakin maharba da mawaƙa. Sai a rana ta biyu, da la'asar sakaliya, Allah ya nufe mu da ganin giwaye sun gangaro shan ruwa.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun tafiyarsu: halitta mai nauyin tan da yawa tana taka busasshen ganye, amma da ƙyar kake jin motsinta. Tsohuwar uwa ce take gaba, domin garken giwaye mata ne da 'ya'yansu, kuma babbar cikinsu ce ke riƙe da sanin inda ruwa yake a shekarar fari. Ƙananan suna tsakiya, manya sun kewaye su. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, tana iya cin ganye da ciyawa da ɓawon itace har kilo 150 a yini, kuma a cikin kashinta take shuka irin itatuwa a wurare masu nisa. Da hancin da take tumɓuke itace, da shi take ɗaukar ƙwayar tsamiya guda. Suna kiran juna da wata ƙara mai zurfi wadda kunnen ɗan Adam ba ya jin mafi yawanta, tana kuma tafiya nisan kilomitoci. A nan ne ma'anar ayar Suratul An'am ta zauna mini daram: ga al'umma da shugabanta, da tarbiyyar 'ya'yanta, da harshenta, da hanyoyinta na gado. Wanda ya tsara wannan bai yi shi da wasa ba.

Lissafin da ke sa zuciya nauyi

Sai dai mai ziyara da ya tsaya a kan sha'awa kawai ya karanta rabin shafi. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta sami giwaye kusan 350 a Yankari. Bayan shekarun da mafarautan haure suka yi suna ɓarna, ƙiyasi ya sauko zuwa tsakanin 100 da 150. A 2014 Gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS don ƙarfafa sintiri, kuma daga 2015 aka sami shekaru a jere ba a kashe giwa don haurenta ba. Zaki kuwa, manyan dawa, wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna waɗanda suka rage a Nijeriya duka ba su kai 50 ba, a Yankari da gandun Kainji. Raƙumin dawa ya riga ya ƙare a Yankari. Mun yi kwana uku ba mu ji ko gurnanin zaki ba.

A nan ne tunanina ya komo gida. Dattawan ƙasarmu suna ba da labarin lokacin da kura take kuka a bayan gari, barewa da gada suke shiga gonaki, gauraka take sauka a fadama bibbiyu. Sunan Dogon Daji da ke ƙasar Tambuwal kansa shaida ne na abin da wurin yake a da. Yau yaro zai yi wata bai ga ko zomo ba. Hatta angulu, wadda ba a raba ta da mahauta da bakin kasuwa, ta yi wuyar gani. A 2015 masana suka sanya irin angulun da muka sani cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, kuma daga cikin dalilan akwai guba da ake sa wa mushe, da cinikin kawunansu da ƙafafunsu don tsubbu. Dubi yadda saɓo ɗaya yake jawo wani: an bar dogaro ga Allah an koma ga boka, an kashe tsuntsuwar da Allah ya ɗora wa aikin share mushe, sai mushen ya zauna yana ruɓa a bayan gari, karnuka da ƙudaje suna raba cuta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuyambana a Zamfara gandun namun daji ne, Kamuku a Birnin Gwari haka, Falgore a Kano haka, Sambisa a Borno ma haka. Da aka yi sakaci da tsaronsu, masu gadi suka zama 'yan kaɗan marasa kayan aiki, sai dabbobin suka ƙare, masu ɗauke da bindiga suka maye gurbinsu. Mu mutanen kudancin Sakkwato ba mu bukatar a ba mu labarin abin da ke fitowa daga dajin da hukuma ta juya wa baya. Mun san shi a cikin gidajenmu da gonakinmu da ba a iya nomawa. Ba na cewa ƙarewar namun daji ce ta haifi ta'addanci, domin dalilansa suna da yawa. Abin da nake cewa shi ne sakaci iri ɗaya ne ya buɗe wa duka biyun ƙofa. Suratur Rum, aya ta 41, ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa ga abin da hannayen mutane suka aikata, kuma ta nuna cewa ana ɗanɗana mana sashen sakamakon ne don mu komo.

Baƙin da ke zuwa daga bayan teku

Amanar ba ta tsaya a kan iyakar ƙasarmu ba. Kowa a Fakku ya san shamuwa, wadda isowarta ke gaya wa manomi ya gyara fartanyarsa; ita takan yi damina a wurinmu, ta koma kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. To akwai wasu baƙin da ke zuwa da kaka su yi hunturu tare da mu, daga Turai. Agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin tafki suna ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, a wurare irin su Baturiya da Dagona. A 2000 aka sanya wani yanki na wannan fadama cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Manyan tsuntsaye masu shawagi, kamar farin ɗan'uwan shamuwa da ke sheƙa a kan rufin gidajen Turai, ba sa son dogon teku, saboda iskar zafi da ke ɗaga su sama a kan tudu take tashi. Don haka sukan taru a mashigin Jabal Ɗariƙ, tsakanin Sifaniya da Maroko, inda faɗin ruwan bai wuce kilomita 14 ba. Duk shekara mutane suna zuwa gaɓar tekun nan da tabaran hangen nesa, suna biyan kuɗin masauki, don kawai su ga wucewar tsuntsayen da wasunsu a Sahel ɗinmu za su sauka.

Wa ya koya wa tsuntsun da aka ƙyanƙyashe bana hanyar da bai taɓa bi ba? Wannan tambaya kaɗai ta isa wa'azi. Amma akwai ta biyu: wace tarba yake samu idan ya iso? Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Masunta da manoman shinkafa da makiyaya sun ji jiki kafin tsuntsaye su ji. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Abin da shari'a ta riga ta tanada

Wasu suna zaton keɓe daji al'adar Nasara ce. Alhali Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya haramta sare itatuwan Madina da farautar dabbobinta, ya kuma keɓe wurin da ake kira Naƙi'u don dawakin Musulmi. Wannan shi ake kira hima. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza don dabbobin zakka, kuma kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, ya umarci mai tsaron wurin da ya tausasa wa talakawa, ya bar mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki ya shiga, ya hana garken attajirai irin su Ibn Aufin da Ibn Affan, domin su suna da gonakin da za su koma wa. A ƙasarmu ma, Malam Abdullahin Gwandu ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hukunce-hukuncen ƙasar da ba ta da mai ita. Kalmominmu na hurumi da burtali da makiyaya suna nuna cewa kakanninmu sun san akwai filin da ba na mutum ɗaya ba ne.

Wasiyyar Sayyidina Umar tana da amfani ga masu kula da gandu a yau. Giwayen Yankari sukan fita su cinye gonar talaka a dare ɗaya, kuma wanda aka cinye wa abincin shekara ba za a lallashe shi da labarin yawon buɗe ido ba. Adalci ne a taimaka masa ya kare gonarsa, a kuma ba 'ya'yansa aiki a gandun. A Kenya an gwada kewaye gonaki da amya, domin giwa tana tsoron ƙudan zuma; gona ta tsira, manomi kuma ya sami zumar sayarwa. Subhanallah, mai sura ta 105 tana gudun mai sura ta 16.

Farauta halal ce ga mai neman abinci, amma a Risala ta Ibn Abi Zaid an karhanta farauta don wasa kawai. Hadisi ya hana mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Abu Dawuda ya ruwaito yadda Annabi ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauko. Mun san matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, da mutumin da aka gafarta wa saboda shayar da kare. Idan haka lamarin dabba ɗaya yake, yaya lamarin wanda ya cinna wa daji wuta don ya kama gafiya uku?

Kada kuma a yanke ƙauna. A Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawan yankin Kure sun ragu har zuwa 49 a 1996. Da hukuma da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai, aka daina kashe su, adadinsu ya haura 600 cikin kimanin shekara 20, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a Jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ƙarewa. Waɗannan manoma Musulmi ne talakawa irinmu, masu gero da wake irin namu.

Nasiha ga mai niyyar zuwa

Wanda Allah ya hore wa, kuma hanya ta yi aminci, ya kai iyalinsa su gani. Ya ƙulla niyyar tunani a kan halittar Allah tun daga gida. Ya kiyaye salla a kan lokacinta, domin abin kunya ne a je kallon masu tasbihi a bar tasbihi. Ya kiyaye sutura da kunya a wurin wanka na Wikki, ya zaɓi lokacin da babu cakuɗa. Kada ya jefi dabba, kada ya ba biri abinci, kada ya yar da leda ko gora. Ya bi umarnin ma'aikatan gandu, ya girmama su, domin wasu daga cikin abokan aikinsu sun rasa rayukansu a hannun mafarauta. Idan ya sami dama ya leƙa kogunan Marshal da aka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da kufan maƙeran da suka narka tama, ya ga cewa wasu mutane sun zauna nan kafin mu, sun tafi, ƙasar ta saura ga Mai ita.

Wanda kuma bai sami ikon zuwa ba, aikin yana ƙofar gidansa. Ya bar gawo da ɗorawa da kaɗanya su tsaya a gonarsa, ya rene 'yan tsiron da ke fitowa daga kututture maimakon ya ƙone su. Ya hana yaransa ɗebe ƙwan tsuntsaye da harbin balbela da danƙo. Malaman allo da limamanmu su sanya wannan babi cikin karatu da huɗuba, masu unguwanni da hakimai kuma su tsare hurumin gari daga masu yanka shi filoti. Hadisi ya tabbatar da cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi, kuma wannan sadaka ba ta bukatar kuɗin mota zuwa Bauchi.

Ya Allah ka nuna mana ayoyinka, ka ba mu idon ganinsu da zuciyar wa'aztuwa da su. Ka mayar mana da aminci a dazuzzukanmu da garuruwanmu, ka jiƙan waɗanda muka rasa, ka sanya mu cikin masu gyara a bayan ƙasa. Wallahu a'alam.